Ƙoƙon da Barmo Bai Sha Ba

Duk wanda ya ji cewa aikina awon filaye ne, tambaya ɗaya yake yi mini: wace unguwa ce ta fi daɗin zama a Ƙonni? Na dawo gida a 1969, bayan shekara shida a Bamako ina koyon awon ƙasa, na tarar garin ya ƙi zama inda na bar shi. Manyan motoci na jere a bakin hanya, wasu za su Yamai, wasu Maraɗi, wasu su tsallaka Sakkwato. Ga siminti yana fitowa daga Malbaza, nan kusa. Duk wanda ya sami abin hannu a fataucin wake ko na bisashe sai ya ji ɗakin ƙasar da aka haife shi a ciki ya yi masa duhu.

Masu yi mini tambayar sun riga sun san amsar da suke so su ji. Cikin gari, in ji su, lungu ne da makwarara da kashin awaki. Bakin kasuwa ƙuda ne da hayaniya. Gidajen ma'aikata da ke bayan buro, wato ofishinmu, na gwamnati ne, ba a sayar da su. Saura sabon loti, wato sabon yankan filaye na gefen hanyar mota, wanda mutane suka raɗa wa suna Unguwar Alhazai: tituna miƙaƙƙu, katangun bulo da fasassun kwalabe a kansu, ƙofofin ƙarfe masu shuɗin fenti. A shekarun nan, in saurayi ya ce yana da fili a can, ba a ƙara tambayar wane ne kakansa.

Ni na kafa turakun simintin da suka raba filayen unguwar. A takardar da aka aiko mana daga sama, wurin fari ne fat, babu komai a kansa. Amma ina yaro sunansa Tabkin Mahauta. Tsohon rami ne da garin ya haƙa da hannunsa wajen ɗibar ƙasar gini. Can mahauta ke wanke hanji su zazzage tumbi, can majema ke zubar da ruwan jima, can ake jan jaki in ya mutu. Da damina ba a bi ta wurin sai an toshe hanci. Ina Bamako aka cike shi da juji, masu aikin hanya suka shimfiɗa jar ƙasa a sama suka daɓe. Na san haka duka. Na ja igiyar awona a kai, na rubuta metir ashirin da biyar a tsaye, ashirin a kwance, na koma buro. Babu wanda ya tambaye ni, ni ma ban buɗe baki ba.

Mutum ɗaya ne a garin bai yarda da unguwar ba, kuma ba shi da kujera a ko'ina. Sunansa Barmo, mai haƙar rijiya.

An haife shi a Bazaga. Ubansa ya zo da shi Ƙonni yana ɗan ƙarami, ya kuma bar masa gadon dagi da guga da igiya. Lokacin da wannan abu ya faru ya haura sittin. Gajere ne, mai faɗin baya, tafin hannunsa kamar busasshiyar fata. Daga Illela har Malbaza akwai rijiyoyin da ake kira da sunansa, ko da yake babu ɗaya da ya mallaka. Ko karatun allo bai yi nisa ba. Amma in ka kai shi fili, sai ya yi ta zagaye shi shiru, ya dubi irin ciyawar da ta fito, ya dubi inda tururuwa ta yi gida, ya tona kamu guda, ya ɗebi ƙasa ya shinshina, wani lokaci ya ɗora a harshe. Sannan ya ce a nan, ko ya ce ba a nan ba, ya ɗauki dagi.

Yana da wata al'ada da ya tarar ubansa na yi. Ranar da sabuwar rijiya ta kawo ruwa ta kwanta, mai gida zai tara maƙwabta. A ja guga, a cika ƙoƙo, a miƙa wa Barmo. Shi zai fara sha, a tsaye, gaban kowa, har sai an ga gindin ƙoƙon. Ba ya cewa komai, shan shi ne shaidar. Matan Ƙonni ba sa ɗora tukunya da ruwan sabuwar rijiya sai sun tambaya ko Barmo ya sha. Cikin shekara arba'in sau biyu ya taɓa mayar da ƙoƙo, kuma duka rijiyoyin biyu an cike su da ƙasa.

Mai riƙe masa igiya tun suna samari shi ne Sha'ibu, ɗan kawunsa, dogo, mai surutu. Taubasai ne, don haka babu abin da Sha'ibu ba ya faɗa masa.

Na je wurinsu a farkon 1973, ina shirin aure, ina neman inda zan yi gini. Gidan Barmo na cikin tsohon gari, a wani lungu da amalanke ba ya shiga. A ƙofar gidan akwai tsamiya, a gindinta rijiyar da ubansa ya haƙa, gaba goma sha huɗu. Na same su a inuwar suna tuƙar igiya.

"Ga mai awo," in ji Sha'ibu. "Barmo, matsa ka ba shi wuri, kada shi auna ka shi saida ma wani Alhaji."

Na gaishe su, na zauna. Na ce fili nake nema, kuma a buro an ce in ina so za a ba ni a Unguwar Alhazai.

Barmo bai ɗago kai daga igiyarsa ba. Ya ce, "Ba ku na nika kora daga bakin tabkin ga kuna yara ba?"

"Mu ne, Baba."

"To mi kaka tambaya ta?"

"Ai an cike shi. An daɓe."

"An ruhe shi dai," in ji shi. "Salga ashirin da ɗaya na haƙa masu can. Duk wanda yak kira ni haƙar salga ina zuwa, don ƙasar ta dace da ita. Rijiya ko ɗaya ban haƙa ba, kuma ba ni haƙawa."

"Ka ji sarkin salgar Alhazai," in ji Sha'ibu. "Rawani kaɗai ba su naɗa mai ba."

Barmo ya ɗauki tsinke ya zana mini a ƙasa abin da ni na zana a takarda: filaye jere biyu, sun juya wa juna baya. Ya ce kowane mai gida yana kai salgarsa can kusurwar baya, nesa da zaure, don kada baƙi su ji wari. Rijiya ma baya ake kai ta, don mata su ja ruwa ba a gan su ba. To tun da gidajen baya da baya suke, rijiyar wannan tana jingine da salgar wancan, katangar bulo ɗaya ce tsakaninsu. A cikin gari, in mutum zai haƙa salga sai ya kira maƙwabtansa sun taka wurin tare. Can kuwa kowa ya ja katanga ta wuce kai, ya dasa kwalabe, ba wanda ya san abin da ke bayan gidansa.

"Ni kaɗai ka shiga gidajen ga duka," in ji shi. "Kai kad daidaita masu su, ni ka ganin cikinsu."

Shekara shida na yi ana koya mini miƙa layi, kuma wannan bai taɓa zo mini a rai ba. Na yi musu sallama na tashi daga gindin tsamiyar nan.

Abin da ban sani ba a ranar shi ne maganar ta riga ta shigo masa gida. Ɗansa na fari, Mutari, yana gini a can. Mutari sa'ana ne, tare muka taso. Ni aka kai ni lakwal, makarantar boko, shi ya bi mota, ya zama direba, daga baya ya mallaki manyan motoci biyu yana jigilar siminti da wake. Ya je Makka bai kai talatin da biyar ba. Ba mugun mutum ba ne. Shi ya rufa wa uwarsa Kubura ɗaki da kwano, kuma bai taɓa wuce lungun ubansa bai sauko daga mota ba.

Sai dai ɗan fari ne, Barmo kuwa mutumin da ne. Tun da aka haifi Mutari bai taɓa kiran sunansa ba. In zai ambace shi sai ya ce "wancan" ko "mai mota". Ba sa zama tabarma ɗaya, ba ya kallonsa ido cikin ido. In Mutari ya durƙusa gaisuwa, Barmo kan amsa yana duban wani wuri. Duk wata magana mai nauyi tsakaninsu, Sha'ibu ke ɗaukarta.

Da ginin ya kai linta, Mutari ya aiko a ce wa ubansa ya zo ya haƙa masa rijiya a kusurwar da magini ya bari. Barmo ya kira Sha'ibu ya ce, "Tahi ka ce ma wancan, kusurwar da shika so, salgar Alhaji Badaru na bayanta. Ni na haƙa ta, kamu biyar na tsakani. Ce mai ba a shan ruwan wurin ga."

Sha'ibu ya tafi, ya tarar da Mutari a ƙofar ginin tare da abokansa 'yan kasuwa, an shimfiɗa darduma, ana cin gasasshen nama, shi kansa Alhaji Badaru yana zaune a cikinsu. Ba ya iya ambatar salgar mutum a gabansa da nama a bakinsa. Sai ya mayar da saƙon wasa, kamar yadda ya saba. Ya ce, "Alhaji, tsohonka ya ce ƙasar ba ta yi mai ba. Ka san shi, in bai ga kashin awaki ba bai yarda da gari." Aka yi dariya, aka miƙa masa tsoka. Mutari ya ɗauka taurin kan tsofaffi ne, ya ɗauko wasu baƙin mahaƙa da ke wucewa neman aiki, suka haƙa masa cikin kwana shida suka yi gaba.

Shekarar ba a yi ruwan kirki ba, ta gabanta ma haka. Rijiyoyin cikin gari sun ja baya, mata na zama a bakinsu suna jiran ruwa ya taru. Makiyaya sun gangaro daga arewa da sauran abin da ya rage musu, sun kafa bukkoki a bayan gari. A irin wannan shekara rijiyar Mutari ta kawo ruwa a gaba huɗu. Labari ya cika gari. Aka ce albarkar Makka ce. Mutari, cikin murna, ya sa aka fasa ƙaramar ƙofa a katangarsa, ya yi alkawari a masallaci cewa duk mai bukata ya zo ya ɗiba, sadaka. Amma matan gari suka yi tambayar da suka saba yi: Barmo ya sha?

Shi ya sa Mutari ya same ni a buro wata ranar Laraba. Ya ja kujera ya zauna, yana kaɗa makullin mota.

"Rabilu, tsoho na jin maganarka, ka yi boko. Jibi za ni tarewa, na gayyaci mutane. So nike shi zo shi sha, shi ke nan. Ba haƙa nac ce shi yi ba."

Na ce ina so in ga rijiyar tukuna. Muka tafi a motarsa.

Gidan ya yi kyau, ba zan hana shi ba. Daɓen siminti har tsakar gida, tagogi masu ƙarfe, rumfar ajiye mota. A baya na tarar da matarsa Bilkisu ta kifa randuna uku a kan garwashi tana turara su da kajiji. Mata na yin haka dama don ruwa ya yi ƙamshi, amma ban taɓa ganin an zuba kajiji da yawa haka ba, hayaƙin har yana sa hawaye. Ta gaishe ni, ta ɗebo mini ruwa daga randar da aka riga aka cika. Ba ta dube ni ba da ta miƙo mini moɗar.

Na kai bakina. Ƙamshin kajiji ne ya fara zuwa. A ƙarƙashinsa akwai wani abu, kaɗan, mai nauyi, wanda na sani tun ina yaro. Warin Tabkin Mahauta ne da damina, har da wani abin da ya fi shi sabunta. Na taɓa moɗar da leɓe, na yi kamar na haɗiye, na ce alhamdu lillahi. Har yau in na tuna wannan alhamdu lillahi ina jin ƙyamar kaina.

Da muka fito zaure na faɗa wa Mutari saƙon ubansa yadda yake, da sunan Alhaji Badaru, da kamu biyar. Ya daina kaɗa makullin.

"Katangar siminti ta, Rabilu. Siminti bai yoyo."

"Katangar a saman ƙasa take. Ruwan a ƙarƙashi yake tafiya."

"Duk unguwar ga haka suka sha, wa yam mutu?" Ya sassauta murya. "Na riga na yi magana cikin masallaci. In tsoho bai zo ba, mi za a ce? Ɗan Barmo ya haƙa rijiya, uban ya ƙi ta. Kurɓi ɗaya. Uba bai iya yi ma ɗansa kurɓi ɗaya?"

Na kai maganar gindin tsamiya da la'asar. Kubura ta ji mu daga cikin gida, ta fito ta tsaya a bakin zaure. Ita ma ba ta kiran sunan ɗan, amma ba ta iya ɓoye son da take yi masa ba.

"Malam, ko leɓe ka jiƙa," in ji ta. "Wa za shi leƙa cikin bakinka? Daga baya sai a san yadda za a yi. Kada ka kunyata shi gaban manyan gari."

"In na sha," in ji Barmo, "matan da ka jira ƙohwar gida su sha. Ɗiyansu su sha. Jikokinki su sha."

"To kada ka tahi. Ce ba ka da lahiya."

"In ban tahi ba shi ce tsoho ya yi hushi, shi buɗe ƙohwa."

Sha'ibu, wanda bai yi wasa ba tun da na fara magana, ya ce, "Ni nab ɓata saƙon ga. Bari in koma in hwaɗa mai daidai."

"Mai awo ya hwaɗa mai daidai," in ji Barmo. "Ya ji. Saƙo ya ƙare."

Ranar Juma'a da hantsi gidan Mutari ya cika. An yanka rago. Alhazan unguwar sun zauna a kan darduma cikin manyan riguna, turare na tashi, liman ya yi addu'a. A waje, bakin ƙaramar ƙofar da aka fasa, mata sun jeru da tuluna da garewani, na cikin gari da na bukkokin bayan gari, wasu da goyo. Barmo ya shigo da rigar aikinsa wadda aka wanke, Sha'ibu na bayansa. Aka sa matan gida suka shiga ɗaka, maza suka wuce kusurwar baya.

An riga an cika ƙoƙo an aje a kan faifai. Alhaji Badaru, a matsayinsa na babban maƙwabci, shi ya ɗauka ya miƙa. Barmo ya karɓa, ya kai hanci, ya mayar a kan faifan.

"Wanga na randa na," in ji shi. "A ja sabo."

Sha'ibu ya jefa guga. Ba a daɗe ba ya fito, igiyar ko rabi ba ta tafi ba. Ya cika ƙoƙon. Ina tsaye kusa, na ga ruwan. Ba baƙi ba ne, ba kuma laka ba. Yana da ɗan rawaya, da wani siririn maiƙo a sama mai ƙyalli in rana ta taɓa shi. Ƙuda biyu suka bar naman suka zo.

Barmo ya riƙe ƙoƙon da hannu biyu, ya daɗe. Wani daga baya ya ce, "Bismilla, Baba, rana na yi." Mutari na tsaye gefe, ya sunkuyar da kai kamar yadda ya saba a gaban ubansa.

Sai Barmo ya juya ya dube shi, kai tsaye, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

"Mutari," in ji shi. "Ruhe ta."

Ya durƙusa ya aje ƙoƙon a ƙasa a hankali, ko ɗigo bai zube ba. Ya bi ta tsakiyar mutane ya fita. Sha'ibu ya naɗe igiyar gugan, ya rataye ta, ya bi shi.

Na ɗauka washegari maganar ruwa za a yi a Ƙonni. Maganar suna aka yi. A kasuwa, a tasha, har a buro, abin da ake tattaunawa shi ne dattijo ya kira sunan ɗansa na fari a bainar jama'a, ya kuma dube shi. Aka ce tsufa ya fara taɓa shi. Aka ce rashin kunya ne. Wasu suka ce hassada ce, don an ba baƙi aikin da yake ganin nasa ne. Alhaji Badaru ya ce shi abin da ya fi ba shi takaici, an yi haka ga liman a zaune. A duk masu wannan magana ban ji wanda ya tambayi abin da ke cikin ƙoƙon ba, kuma rabinsu sun koma gida sun sha irinsa da kajiji. Daga ranar babu wanda ya sake kiran Barmo aiki a Unguwar Alhazai, ko na salga.

Mutari bai buɗe ƙaramar ƙofar ba. An ce wa matan da ke jira gugan ya tsinke, su dawo wata rana. Na cikin gari sun gane, suka ɗauki tulunansu. Na bukkoki sun yi kwana biyu suna dawowa kafin su haƙura. Bai kuma rufe rijiyar ba, bai je gaida ubansa ba, motarsa ta daina tsayawa a bakin lungu.

Ranar Asabar da sassafe aka ga Barmo yana kora jaki da garewani huɗu daga gindin tsamiya. Ruwan rijiyar ubansa ne, wanda a shekarar sai an jira yake taruwa. Ya ratsa kasuwa, ya tsallaka hanyar mota, ya sauke su a zauren Mutari, bai yi sallama ba, ya juya. Bilkisu ta sa aka shigar da su. Da azahar garewanin suna bakin zaure, babu komai a ciki, an wanke su. Haka ya yi Lahadi, haka ya yi Litinin. Alhazai na zaune a ƙofofinsu suna kallon mutumin da ya haƙa rabin rijiyoyin ƙasar ya zama mai ga-ruwa, suna kaɗa kai, suna cewa Allah ya kyauta ƙarshe.

A rana ta tara Mutari ya sauke buhun siminti uku daga motarsa, ya kira magini. Aka zuba murfi a kan rijiyar, aka shafe shi sumul. Daga baya ya shimfiɗa tabarma a kai, ya zama wurin da Bilkisu ke shanya kuɓewa. Ƙaramar ƙofar kuma aka toshe ta da bulo. Ranar Juma'ar da ta biyo baya motarsa ta tsaya a bakin lungu. Ya durƙusa ya gaida ubansa, Barmo ya amsa yana duban tsamiya.

Damina ta 1974 ta zo da ruwa sosai, tabkin ya tuna wurinsa. Ruwa ya kwanta a miƙaƙƙun titunan nan har gwiwa, salgogi suka cika suka tumbatsa, abin da ke cikinsu ya fito yana yawo tsakanin ƙofofi masu shuɗin fenti. Na ga manyan mutane sun tattare riguna, sun riƙe takalma a hannu, sun toshe hanci da gefen rawani suna tsallakawa zuwa masallaci. Na rubuta takarda shafi huɗu a kan abin da Barmo ya zana mini da tsinke, na miƙa a buro. An karɓa, an yi mini godiya, an sa a aljihun tebur. Da rani ya shigo ƙasa ta bushe, aka sake fentin ƙofofi, aka ƙara yanka filaye arba'in a gefen gabas, kuma ni aka aika in kafa turakun. Masu nema sun fi filayen yawa.

Ni dai na sayi wani tsohon kango a lungun Barmo, gida uku daga tsamiya. Abokan aikina sun yi mini dariya, sun ce an kai ni Bamako a banza. Akwai kashin awaki, gaskiya ne, kuma babur ɗina sai na tura shi da hannu. Kafin in haƙa salga na kira maƙwabta huɗu muka taka wurin tare.

Barmo ya ci gaba da kai ruwan nan shekara uku, har ƙafarsa ta fara gardama, Sha'ibu ya karɓi jakin yana mita. Wata rana da safe na same su suna ɗaura garewani, Sha'ibu na cewa shi bai ga dalilin da zai sa mai mota biyu ya rasa mai ɗauko masa ruwa ba sai tsofaffi.

"Ya aiko da mai ɗauka har sau biyu," in ji Barmo. "Ni nak kore su. Ban san inda za su tsaya su cika ba."

"To kira shi ka hwaɗa mai da bakinka, tun da yanzu ka iya sunan."

Barmo ya ja igiyar ya ƙulle, ya daki jakin a hankali.

"Kai dai kai ma wancan ruwa," in ji shi. "Rana na yi."